Gadon Da Ke Rufa Wa Majinyaci Asiri

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti a nan Garwa yana jinyar wani nasa ya san abin da za mu faɗa. Likita zai zo ya duba, nas za ta yi allura ta ɗaura ruwa, amma idan dare ya raba majinyaci ya ce zai kewaya, to, wannan aiki na dangi ne. Su ke kawo abinci, su ke wanki, su ke ɗauke fo. Da Faransanci ana ce musu "garde-malade", mu kuwa masu jinya muke kiransu, ga su nan kan tabarmi a baranda dare da rana.

Ranar da aka sallami mara lafiya ya koma gida, a nan wahalar take sabon tashi. A Hausare da Yelwa da Lopere, har zuwa Pitowa da Gidar, akwai gidaje da dama da ke da dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko saurayi ɗan acaɓa da haɗari ya taɓa masa ƙashin baya, ko tsohuwar da ta karye a ƙugu. Ɗaga babban mutum sau biyar ko shida a yini ba wasa ba ne, balle a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a garin nan.

Sai kuma kunya, wadda ta fi nauyin jiki ciwo. Mun sha ganin uwa ta rage cin abinci, ta ƙi shan ruwa, don kawai kada ta sa ɗanta ya ɗauke mata bahaya. Ba za ta faɗa ba. Sai dai a ga tana ramewa, a ce ciwo ne ya ci ƙarfinta, alhali kuwa ƙishirwa da yunwa suna cikin abin da ke kayar da ita.

Darasi daga kwalara

Abin mamaki shi ne, mu mutanen arewacin Kamaru mun daɗe da ganin gadon da ke rage wannan wahala, sai dai a mugun lokaci muka san shi. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Kamaru a 1971. A 2010 ta kama mutane fiye da 10,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 600, mafi yawansu a jihar Arewa Mai Nisa. A 2018 ma ta sake ɓulla a jiharmu ta Arewa. Wanda ya leƙa sansanin jinyarta ya ga gadajen: firam na katako ko ƙarfe, an ɗaure masa tamfol, an huda rami daidai mazaunai, an ajiye bokiti a ƙarƙashi.

Wani likitan sojan ruwan Amurka mai suna Raymond Watten ake danganta wa wannan gado, lokacin da yake aiki tare da Robert Phillips a annobar da ta faɗa wa Bankok ta ƙasar Tailan a ƙarshen shekarun 1950. Daga baya asibitin kwalara na Daka, a Bangaladash ta yau, ya yi suna wajen amfani da shi. Hikimarsa iri biyu ce. Mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da ruwan jiki kusan lita guda a cikin awa ɗaya, ba shi da ƙarfin tashi, saboda haka ramin ya hutar da shi. Bugu da ƙari, da bokitin nan ake auna abin da ya fita, a mayar masa da daidai gwargwadonsa ta ƙarin ruwa ko ruwan gishiri da sukari. Cutar da kan kashe har rabin waɗanda ta kama da tsanani idan babu magani, da kulawa mai kyau ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari.

A ƙasashe masu hannu da shuni an yi nisa. Tun 1909 wani likitan fiɗa na Amurka, Willis Gatch, ya fito da gado mai gaɓa uku da ake ɗaga kai da gwiwa, wanda shi ne kakan gadajen asibiti na yau. A Japan, inda tsofaffi suka yi yawa, har akwai na'urorin da ke zuƙe bahaya su wanke majinyaci da ruwan ɗumi yana kwance. Amma waɗannan suna son lantarki da famfo da ba sa yankewa, ga tsada, ga rashin mai gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zai yi mana amfani shi ne wanda kafinta da mai walda na unguwa za su iya haɗawa, su kuma gyara idan ya lalace.

Yadda gadon gida ya kamata ya kasance

A nan dole mu ja kunne. Mai kwalara kwanaki kaɗan yake yi a gadonsa ya tashi. Wanda jikinsa ya shanye kuwa yana iya yin watanni ko shekaru. Idan aka bar shi kan rami a buɗe kullum, bakin ramin zai riƙa danne masa fata har ya zama gyambo. Don haka gadon doguwar jinya yana bukatar abubuwa kamar haka.

Na farko, katifar soso mai kauri wadda aka lulluɓe da leda mai laushi, sannan a shimfiɗa zanen auduga a kai, kada fata ta taɓa leda kai tsaye. A yanke ramin a katifar da katakon ƙasa, a ajiye guntun soson da aka yanke, a lulluɓe shi, ya zama murfi. Sai lokacin bukata za a zare shi ta ƙasa, in an gama a mayar.

Na biyu, bokiti mai murfi da ke zaune kan ɗan katako ana jawo shi ta gefe kamar durowa. A zubar nan take a masai, a wanke da sabulu da ruwan jabel, mai jinya kuma ya wanke hannunsa sosai.

Na uku, wajen kai ya zama ana iya ɗaga shi a tokare. Hanji ya fi sakin bahaya idan mutum yana kishingiɗe ko zaune, kuma wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana saurin ƙwarewa idan aka ba shi abinci yana kwance.

Na huɗu, tsayin gadon ya kai kusan ƙugun mai jinya, domin yawan sunkuyo kan katifar ƙasa shi ke karya bayan matanmu. A sa ƙarfe a gefe wanda ake saukewa, don kada majinyaci ya faɗo, kuma ya samu abin kamawa idan ana juya shi.

Batun wanka

Wanka ma yana yiwuwa a kan gadon. Ana shimfiɗa tamfol mai faɗi, a naɗe tawul ko zane a tura ƙarƙashin gefunansa ya zama kamar kwami, ruwan ya gangara ta ramin zuwa bokiti. A fara da fuska, a gangara, a ƙare da al'aura. A rufe jiki da zane, gaɓar da ake wankewa kaɗai za a buɗe. Bayan haka a tsane jiki sarai, musamman matse-matsi da hammata.

Lokacin wanka ne kuma ake duba fata: ƙashin gindi, ƙugu, diddige, allon kafaɗa da ƙeya. Idan aka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi zafi da tauri, to gyambon kwanciya ne ke sallama, a ɗauke nauyi daga wurin a nemi ma'aikacin lafiya. Kowane irin gado aka samu, ƙa'idar da ma'aikatan jinya suka sani tana nan, wato a juya majinyaci kamar kowace awa biyu. Fitsari da gumi su ke jiƙa fata su sa ta saurin tsagewa.

Kada mu manta, dattijon da ya shekara sittin bai bar salla ba, abin da ya fi damunsa a kwance shi ne najasa a jiki da tufafi. Idan an tsabtace shi aka taimaka masa da alwala, ko taimama inda ruwa zai cutar, hankalinsa yakan kwanta.

Kira ga jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A unguwanninmu muna da makara ta masallaci, muna da kujeru da rumfunan biki da ƙungiyoyi ke bayarwa aro. Me zai hana kowace unguwa ta yi karo-karo ta ƙera irin wannan gado guda biyu ko uku, a riƙa ba da aronsu ga gidan da jinya ta sauka, in an gama a wanke a canja katifa a miƙa wa na gaba? Matan adashi da attajiranmu na kasuwa za su iya ɗaukar nauyin wannan. Kafin a kai wa kafinta aikin, a nemi nas ko likita ya duba awon, ya kuma koya wa 'yan gida yadda ake juya mutum ba tare da an ja shi a kan zane ba.

Iyayenmu sun wanke mu muna jarirai ba su taɓa yi mana gori ba. Yau da tsufa ya kwantar da su, hakkinsu ne a kanmu mu yi musu wannan hidima cikin sutura. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.