Matsayin Littattafai Masu Jigon Cin Zarafi a Manhajar Hausa ta Sakandare

Duk lokacin da aka zauna zaɓen littattafan adabi domin babbar sakandare, akan sami masu cewa a kauce wa duk labarin da ya taɓo auren dole ko dukan mata ko cin zarafin yara, wai don kada a ɓata tunanin ɗalibai. Mu a namu ganin, wannan ra'ayi bai dace da tarihin manhajar kanta ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, labari ne na yaron da aka sace aka sayar, da uwar da ta faɗa bauta wajen nemansa. Haka nan wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada ya ginu ne a kan wulaƙancin da Hayatu yake yi wa matarsa Halima. An daɗe ana karantar da su a makarantu.

Inda ake samun saɓani shi ne littattafan da mata suka fara fitarwa a Kano daga shekarun 1980. Misali mafi fice shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, wanda ya yi sa'ar mahaifinta. Marubuciyar ba ta ɓoye azabar da yarinyar ta sha ba, amma ba a nan ta tsaya ba: Abu ta gudu, ta sami mai riƙonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba masu tsara manhaja shawarar su riƙe. A duba ko labarin ya nuna cutar a matsayin cuta, ya ɗora laifin a kan mai laifi, ya kuma nuna wa mai karatu ƙofar fita. Littafin da ya mayar da wahalar yarinya abin nishaɗi, ko ya zurfafa bayanin da kunya ta hana, ba shi da gurbi a aji ko da Hausarsa ta yi daɗi. Ƙona littattafan da hukumar A Daidaita Sahu ta yi a Kano a 2007 bai bambance waɗannan iri biyu ba, kuma bai hana 'yan mata aron littattafan a ɓoye ba.

Nauyin da ya fi girma yana wuyan malami. Ya sani cewa a cikin ajinsa akwai yiwuwar samun ɗalibar da abin da ake karantawa ya faru da ita, ko da 'yar'uwarta. Saboda haka kada ya tilasta wa kowa karanta irin wannan wuri da babbar murya, kada kuma ya nemi ɗalibai su kawo misali daga gidajensu. Tambayoyi su tsaya a kan taurarin labari: me ya sa mahaifin Abu ya yanke wannan hukunci, wa ya yi shiru alhali yana iya magana? Daga nan ana iya gabatar da Dokar 'Yancin Yara ta 2003 a taƙaice. Idan kuwa wata ɗaliba ta zo bayan darasi ta buɗe cikinta, malami ya saurare ta ba tare da zargi ba, ya sada ta da malamar ba da shawara ta makaranta, ya kuma riƙe sirrinta daga sauran ɗalibai da ɗakin malamai.