Tsohuwar Na'ura da Babban Guntun Ajiya

Mai gyaran lantarki a Garwa ko Marwa, wanda ya gaji tsohuwar na'urar rubutu a guntun ajiya, irin wadda aka ƙera domin samfurin 2716 mai ƙafa 24, zai tarar, in an kawo masa 27256 mai ƙafa 28, cewa mas'alar ta wuce sauya soket. Na farko kilobait 2 yake ɗauka, da layin adireshi 11. Na biyu kuwa 32, da layi 15. Saboda haka wajibi ne ya ƙara layi huɗu da makunnai, ya riƙa rubutu kashi-kashi har sau 16, bisa sharaɗin ya sauke wutar daga bolt 25 zuwa abin da takardar guntun ta hukunta, galibi 12.5, domin in ya yi sakaci a nan, guntun ya ƙone nan take.