Kafin a Kunna Bulowa

A kasuwar waya ta Kano, irin wadda ake kutsawa kafaɗa da kafaɗa tun hantsi, masu gyara kashi biyu ne. Akwai na bakin layi, masu canza sikirin da batir da bakin caji, waɗanda kafin ka shanye ruwan leda sun miƙo maka wayarka. Akwai kuma na can ciki, masu aikin fanel, wato allon cikin waya, waɗanda sai abu ya gagari kowa ake haura musu da shi. Shagon da zan ba da labari na kashi na biyun ne. Yana ƙarshen wani lungu a saman bene, mutum huɗu in suka zauna gwiwa na gugar gwiwa. Dogon teburi ɗaya, bulowa biyu, ayon na dalma, mita, injin ba da wuta mai nuna abin da fanel ke ja, sai madubin ƙara girma wanda ba mai ɗora ido a kai sai Oga da babban yaronsa. Ƙarƙashin teburin kwalaye ne cike da matattun fanel, an ware su gida-gida: Tecno, Infinix, Itel, Samsung, iPhone. Ba a zubar da ko ɗaya, domin daga jikinsu ake ciro ƙananan kayan da ba mai sayar maka da su ɗai-ɗai.

Yara uku ne a ƙarƙashin Oga. Ƙaramin shi ke buɗe shago, ya share, ya goge teburi, in hunturu ne ya sake gogewa kafin azahar don ƙura ba ta hutawa. Aikinsa aike ne: sayo fetur ɗin janareta, karɓo saƙo a tasha, kawo shinkafa da wake. Na tsakiyan ya kai matsayin kwance waya da haɗawa, kuma in yamma ta yi ciniki ya lafa, ana ba shi mataccen fanel ya yi ta cire aisi, wato ɗan cif ɗin da ke liƙe a jikinsa, yana mayarwa har hannunsa ya daina rawa. Babban ya kusa yaye. Shi ke karɓar kwastoma in Oga ya tafi masallaci, shi ne kuma ake yi wa faɗa in an rasa sukuru guda.

Abin da ya fi shigowa shagon waya ce, sai kwamfutar tafi-da-gidanka jefi-jefi. Gem ɗin hannu baƙo ne. Samarin garin sun fi sanin PlayStation ta gidan gem inda ake buga ƙwallo ana ihu. Amma Nintendo Switch, wadda kamfanin nan na Kyoto a Japan ya fitar a watan Maris na 2017, kuma ta haura miliyan 100 a ciniki kafin ƙarshen 2021, tana shigowa ƙasar a jakar matafiya da cikin kayan gwanjo. In ta lalace, ba wanda ke tunanin mayar da ita inda aka ƙera ta. Kasuwar waya ake nufa, a ce ai duk fanel fanel ne.

Wata irin wannan ce wani Alhaji ya hauro da ita, ɗansa mai kimanin shekara goma na biye da shi. Tsaraba ce ya yo wa yaran daga tafiya. Ta riga ta kwana a shago biyu.

"Injiniya, wai intanet ne ba ta gani. An ce mini kai ne ƙarshe."

"Allah ne ƙarshe, ranka ya daɗe. Ta taɓa faɗuwa?"

Alhaji ya ce sam. Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Oga ya juya wajensa.

"Abokina, faɗa mini tsakanina da kai, Baba ba zai ji ba."

Aka yi dariya har da Baban. Ashe daga kan gado ta subuce ta bugi tayil, ta ci gaba da aiki kwana biyu, sannan ta fara.

Oga bai ɗauki sukudireba ba. Ya kunna ta, ya tabbatar ba a bar ta a yanayin jirgin sama ba, ya kashe ta gaba ɗaya ya sake tayarwa. Ya sa babban yaron ya buɗe hotsifot a wayarsa ya manna a bayanta. Aka shiga neman wayifai, sai ta tsaya ta jefo lambar kuskure, 2110-1118, lambar da masu gyaran wannan na'ura suka saba gani in matsalar ta jiki ce ba ta saiti ba. Sannan ya yi wani gwaji da yaran ba su yi tunaninsa ba. Switch tana da hannuwa biyu, Joy-Con, da ake zurawa a gefenta. In suna liƙe, ta ƙananan ƙarafan da ke cikin layin zurawar suke magana da ita. In an zare su, sai ta bulutut. Suna liƙe suna aiki lafiya lau. Da ya zare su, fitilunsu suka yi ta kai da komowa suna nema, ba su samu kowa ba.

Daga nan hanya ta ragu. Wayifai da bulutut a wannan na'ura aisi guda ke riƙe da su, BCM4356 na kamfanin Broadcom. In da wayar eriya ce ta fita daga mazauninta, sigina zai yi rauni ne, amma hotsifot da aka manna a jiki ba zai ɓace ɗungurungum ba. Tun da biyun suka mutu tare, ko dai aisin ne, ko wutar da ke ciyar da shi, ko hanyar da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwar na'urar, wato Tegra X1 ta Nvidia. Alhaji ma ya yi sa'a. Wannan aisi in ya lalace ta wata fuskar, na'urar ba ta ma ƙarasa tashi: sai ta maƙale a kan tambari, ko sikirin ya rine ruwan lemo, saboda ƙwaƙwalwar na jiran amsa daga abin da ba zai amsa ba.

Sai da Alhaji ya tafi aka buɗe ta. Sukurorin baya masu baki uku ne, kuma biyu daga ciki an riga an cinye kansu da sukudireban da ba nasu ba. Aka ɗaga murfi, aka cire ma'ajiyar katin memori, aka ɗauke farantin ƙarfe, aka zare batir kafin komai. Wayoyin eriya suna zaune daram. Amma murfin ƙarfen da ke rufe sashen aisin an lanƙwasa shi an mayar, gefensa ya yi baƙi da ƙonannen man dalma. Wani ya riga ya gasa wurin.

Wannan ita ce cutar kasuwar, kuma ba ta rashin basira ba ce. Mai gyara in ya ga alamar aisi, abu mafi sauri shi ne ya zuba mai, ya kunna bulowa, ya hura zafi da fatan dalmar da ta tsage a ƙarƙashi za ta narke ta sake kamawa. Wani lokaci takan yi, na mako ɗaya ko na wata. Sau da yawa kuma iskar kan kwashe ɗan kafasita ta jefar, ko zafin ya ƙarasa abin da faɗuwa ta fara. Oga ya san hannun yawancin masu aikin layin, da alama ya gane mai wannan, amma bai kama suna ba. Gobe mutumin ne zai kawo masa wani aikin.

Kamfanin ba ya fitar da zanen fanel ɗinsa ga masu gyara, kuma babu matacciyar Switch a kwalayen shagon. Abin da Oga ke da shi wani tsohon littafi ne mai bangon leda. Duk ran da baƙuwar na'ura ta zo da ƙaramar matsala, kamar bakin caji, kafin ya rufe ta sai ya bi sassanta masu lafiya da mita ya rubuta abin da ya gani. Ya buɗo shafin da ya zana kewayen wannan aisi da biro. Ya sa mita a ma'aunin diyod, ya ɗora jan tsinke a ƙasan fanel, ya riƙa taɓa kafasitocin da baƙin ɗaya bayan ɗaya, babban yaron na karanto lambobin littafin. Babu shot. Wuri guda ne aka samu gurbi fayau, ƙafafu biyu na dalma ba kowa a kai: kafasitan da iska ta ɗauke. Aka ciro mai girmansa daga fanel ɗin wata waya, aka auna, aka dasa. Aka ba ta wuta. Bolt 1.8 yana zuwa, 3.3 yana zuwa. Ɗan kiristal ɗin da ke ba aisin bugun lokaci, mai megahaz 37.4, yana nan ba tsaga a jikinsa. Aka sake neman wayifai, lambar nan ta sake fitowa.

Sai ya karkata fitilar madubin ta haska daga gefe. Wannan aisi ba shi da baƙar rigar roba irin ta sauran. Tsurar silikon ne mai ƙyalli, ƙwayoyin dalmarsa a ƙarƙashi ba su kai ƙwayar riɗi ba. A kusurwa ɗaya ga wani siririn layi ya ratsa. Ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya su leƙa, har ƙaramin, wanda ranar ce ya fara ɗora ido a madubin. Tsagaggen silikon ba ya ɗinkuwa da zafi. Duk gashin da aka yi masa a baya aikin banza ne.

Nemo sabo ya ɗauki kwanaki. Babu shi a kasuwar, sai da aka kira wani dila a Computer Village ta Ikeja, aka ba direban motar dare. Irin waɗannan kaya asalinsu daga kasuwannin Shenzhen na ƙasar Sin suke, kuma da yawa cikin abin da ake kira sabo cirowa aka yi daga wani fanel aka sake masa ƙwayoyi. Shi ya sa Oga ya sa a aiko biyu. Da suka iso, yaron na tsakiya ya ce an yi musu canje, don CYW aka rubuta a kai ba BCM ba. Ba canje ba ne. Broadcom ta sayar wa Cypress wannan ɓangare na kasuwancinta a 2016, aisin ɗaya ne, haruffan gaba ne suka sauya. Wani sauƙin kuma, ba a ɗaure shi da na'urar ba. A iPhone, wanda ya canza aisin wayifai sai ya bi ta kan memori da injin kwance ɗauri, in ba haka ba sabon ba zai yi aiki ba. A nan dasawa ce kawai.

Da sassafe aka yi aikin, kafin layin ya cika. Aka tura ƙofa, aka kashe fanka, saboda iskarta na karkatar da zafin bulowa. Wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san abin da hakan ke nufi. An ciro fanel ɗin daga jikin na'urar an ɗaure a maƙalli, an lulluɓe maƙwabtan aisin da tef mai jure zafi, musamman ɓangaren ƙwaƙwalwa da filogan roba. Dalmar masana'anta marar gubar darma ce, sai wajen digiri 217 take narkewa, ita kuwa ta gargajiya a 183. Oga ba ya yarda da lambar da bulowa ke nunawa, balle in a kan janareta ake. Idonsa na kan dalmar wani kafasita na kusa, in ta yi sheƙi lokaci ya yi. Ya fara ɗumama fanel ɗin daga nesa, yana zagayawa, sannan ya matso. Hantsakin na hannunsa amma bai ja ba. Jan aisi kafin ya saki shi ke tumɓuke ƙafafun fanel, daga nan kuma sai aikin jamfa da waya mai sirantar gashi, in ma ya yiwu. Ya ɗan taɓa gefensa, ya motsa, ya ɗauke shi.

Ya bi gurbin da ayon da dalma mai saurin narkewa, ya share da saƙaƙƙiyar tagulla a hankali, ya wanke da sifirit har ƙafafun suka fito a jere ba wadda ta ɓace. Ya shafa mai kaɗan, don in ya yi yawa aisin kan yi iyo ya goce. Ya duba ɗigon da ke nuna kusurwar farko, ya saita. Da zafi ya kama, sai aisin ya ɗan nutsa ya gyara zamansa da kansa. Gumi na ɗiga daga haɓar Oga, babban yaron na tare shi da tsumma kada ya sauka a fanel.

Bayan ta huce aka sake aunawa, aka haɗa sikirin da eriya da batir ba tare da an rufe ba. Sunayen wayifai na rabin benen suka zubo. Aka zare hannuwan aka ba ƙaramin yaro ya fita da su bakin ƙofa yana dannawa. Oga bai kira Alhaji ba tukuna. Ya sabunta man sanyaya ƙwaƙwalwa, ya rufe, ya bar ta tana sauke wani babban wasa har la'asar, don aikin dalma mai rauni sai fanel ya ɗau zafi yake tona kansa.

Wurin biya ne aka ja. Oga ya manna tsohon aisin a takarda da salatif ya miƙa.

"Yanzu Injiniya wannan ɗan abin ne na wannan kuɗi?"

"Shi ba tsada gare shi ba, ranka ya daɗe. Gano cewa shi ne."

Ina ganin nan ne gizo ke saƙar. Kwastoma na biyan abin da ya gani an cire an saka. Awannin da aka ɓata da mita da littafi ba mai son jin farashinsu, wanda kuwa aka auna masa aka ce ba ta gyaruwa yakan ɗauki kayansa ya tafi ko sisi bai ajiye ba. Muddin haka ake, mai gyaran bakin layi da ke da haya da iyali zai ci gaba da farawa da bulowa, kuma ba zan ga laifinsa duka ba.

Alhaji ya nemi ragi, aka rage masa kaɗan saboda zumunci. Oga ya rubuta rasit: garantin mako biyu, ban da ruwa, ban da faɗuwa. Ya karanta wa yaron layin ƙarshen da ƙarfi. Alhaji ya tambaya ko ana samun rigar roba mai kare ta a kasuwar, aka tashi ƙaramin yaro ya sauka layin masu kwalliyar waya ya tambayo.