Ruwa A Cikin Fitilar Mota

Da damina ta kankama, masu tsofaffin motocin ɗaukar kaya su kan sha wahala da fitila. Galibin amfanin gona da asuba a ke fita da shi don a riski kasuwa, musamman tumatir da tattasai da ba su jure zafin rana. To, direban da ya tashi da duhu, fitilarsa cike da ruwa, ba ya hango rami, balle garken shanu ko amalanke a gefen hanya. Akori-kura irin su Peugeot 504, wadda a ka yi ta harhaɗawa a Kaduna, da tsohuwar Land Rover, har yanzu suna aiki a ƙauyuka, amma robobin fitilunsu sun daɗe da tsufa.

Da fari dai a rarrabe gumi da yoyo. Fitilar da a ke sauya wa ƙwai ba a rufe ta ke ruf ba, tana da ɗan ƙaramin mashaƙi a baya. In an kunna ta iskar ciki ta yi zafi ta fita, in an kashe ta huce ta zuƙo ta waje. Idan iskar nan da laima, sai ta kwanta a gilashi kamar yadda tururi ke yi a marfin tukunya. Wannan ba ciwo ba ne, an kunna wuta ɗan lokaci zai watse. Amma in an ga ɗigo manya manya suna gangarowa, ko ruwa ya taru a ƙasa, ko alamar laka ta bushe a ciki, lalle akwai kafa.

Ɓarnar da ruwan ke yi ba kaɗan ba ce. Bayan ƙwai akwai kwano mai sheƙi kamar madubi, shi ne ke tattara haske ya jefa shi gaba. Shafen da ke kansa ya fi fatar albasa sirantaka, ruwa ya daɗe a kansa sai ya dushe, tsatsa ta biyo baya. Sa'an nan ko an sa sabon ƙwai haske ba ya zuwa ko'ina. Ƙwan halojin kuwa, irin H4 mai wat 60 da 55, zafinsa ya kai in ɗigon ruwa ya faɗa masa yana iya fashewa nan take.

Akwai wata irin tsohuwar fitila da a ka fara sa wa motocin Amurka a 1940, wadda gilashi da kwano da zaren wuta duk a haɗe su ke, abu guda. Irin wannan in ruwa ya shiga, ta tsage ke nan, ba ta da magani sai sabuwa.

Sauran kuwa suna gyaruwa. A cire wayar batir tukuna, a kwance fitila a fito da ita, a zare ƙwai. Kada a kama gilashin ƙwan halojin da yatsa, gama maiƙon hannu na rage masa kwana, a riƙe shi ta gindi. A tsiyaye ruwan, a ɗauraye cikin da ruwa mai tsabta in da laka, sa'an nan a shanya ta a rana wuni guda, bakin ramin ƙwai yana duban sama. Ba a goge kwanon nan da tsumma, ko da mai laushi ne, shafen zai bi tsumman.

Da ta bushe sai neman kafa, kuma nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Wurin da ya fi yawan yoyo shi ne hular roba da ke rufe bayan ƙwai. Zafin inji da na bazara kan busar da ita ta tsattsage, wani lokaci ma mai gyaran waya ne ya cire ya manta bai mayar ba. Bayan ita sai mahaɗin gilashi da kwano, sai kuma tsagar da tsakuwa ta yi a hanyar burji. A zuba ruwa a daro, a nitsa fuskar fitila a hankali har ruwa ya rufe mahaɗin, ba tare da ya kai ramin ƙwai ba, a duba inda ya ke kutsowa. A yi alama da alli.

In mahaɗin ne, a ɓalle maƙalan ƙarfe da ke riƙe da gilashi, a kankare tsohon gam sarai, gama sabo ba ya kama tsoho. Baƙin gam na roba irin wanda a ke liƙa fitila da shi tun asali ya fi, zafi na tausasa shi, ana kuma iya sake buɗewa wata rana. Silikon mai warin tsami a guje shi, tururinsa na dusashe kwano. A matse, a bar shi ya kwana.

Mashaƙin nan na baya kuwa ba a toshe shi. Waɗansu su kan bi kowace kafa su cike da gam, suna tsammani sun gama, bayan kwana biyu fitila ta fi dā gumi. Manomi ya san wannan a rumbu: hatsin da a ka rufe da laima ruɓewa ya ke yi. A zurara tsinke a fitar da laka ko gidan zanzaro da ya toshe shi, a tabbata bakinsa ƙasa ya ke duba.

In gilashi ya fashe har sai an sayi wata ta hannu, a lura da inda ta fito. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar Nijar. Fitilar da a ka ƙera don Ingila ko Japan haskenta hagu ya ke karkata, watau cikin idon mai tahowa.

Bayan an mayar da ita sai saiti. A tsai da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bango daidai nan. In an sa dim, bakin hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da layin. Motar da kullum da buhuna ta ke tafiya a saita ta da kaya a kai, don nauyi na danne baya ya ɗaga gaba.