Daga Maƙeran Gaya Zuwa Moton Tsohuwar Firinta

Kusan duk wata sai an yaɗa bidiyon wani matashi da ya haɗa mota ko jirgi da kayan gwangwan, a yi ta tafi, jami'ai su ɗauki hoto da shi, daga nan shiru. Tun 2007, lokacin da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota, haka ake yi. Ana ɗaukar ƙira a matsayin kwaikwayon siffa. Alhali wahalarta tana wajen awo: ka sa ƙarfe ya matsa daidai inda ka ce, ya tsaya cak.

Abin da ke yin wannan aiki ba shi da tsada. Cikin tsofaffin firintoci da injinan fotokwafi da 'yan jari-bola ke farfasawa akwai ƙaramin moto mai juyawa taki-taki. Da yawansu taki 200 ne zagaye ɗaya. Haɗa shi da sandar ƙarfe mai zaren milimita 2, kowane taki zai tura aikin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Allon Arduino da manhajar Grbl, wadda kyauta ce, su ke ƙirga takin. Aibin moton ɗaya: in nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya tsallake taki bai sani ba. Shi ya sa wasu ke ɗaukar moton waifar mota su maƙala masa na'urar da ke faɗa wa kwamfuta inda ya kai. A Lome, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D da irin wannan tarkace.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Gaya. Tarihin Kano ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zo Dala neman tama, har ana danganta sunan birnin da shugabansu, Kano. Wato kafin a yi ganuwa, kafin Bagauda, akwai mai zuga-zugi. Jikokin sana'ar suna nan a Gaya da Ajingi, suna ƙera garma da fartanya da lauje, suna auna ƙarfe da ido. Idon nan gwaninta ne, amma ba zai fitar da haƙorin giya goma iri ɗaya ba, don haka in injin markaɗe ko na ban-ruwa ya lalace sai a nufi Kano neman kayan gyara.

Ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, nan kusa. Ga cibiyar ƙere-ƙere ta hukumar NASENI a Kumbotso. Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su nemi ɗaliban injiniya su zauna da 'ya'yan maƙera da masu walda, a haɗa injin sassaƙa ko ɗaya ne da irin wancan moto, mai aiki da batir da sola? Kuɗin bai kai na rumfuna da kujerun taron siyasa ɗaya ba.