Kwalli, Lalle Da Turare: A San Abin Da A Ke Shafawa

Duk wanda ya ratsa layin 'yan koli a kasuwar Jega zai ga kayan zamani biyu a shimfiɗe bisa tabarma guda. Ga ƙullin lalle da dutsen kwalli da saiwar kajiji da curin man kaɗanya. A gefensu kuma ga kwalabe da robobi na man shafawa, waɗansu da rubutun Turanci ko Faransanci, waɗansu kuwa ba ko harafi ɗaya a jikinsu. Daga irin waɗannan rumfuna ne mutanen Jega da Aliero da Maiyama, da na ƙauyuka irin su Kuberi, su ke haɗa kayan lefe da na suna da na Salla. Mai saye ya kan tambayi kuɗi, ya shinshina, ya yi ciniki. Da wuya a ji ya tambayi abin da ke cikin kayan, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da lafiyar iyalinsa ta rataya a kanta.

TSOHUWAR SANA'A

Cinikin kayan ado a wannan yanki ya daɗe ƙwarai. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin Jega wajen shekarar 1820, ba da jimawa ba bayan rasuwar mahaifinsa, watau Malam Abdussalami na Gimbana. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, domin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yada zango a can. Inda ayari ya sauka kuwa, ɗan koli ba ya rasa wurin baza hajarsa.

Waɗansu kayan daga nesa su ke zuwa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano cikin 1851, ya lissafa lubban da jawi da kanumfari da man wardi cikin kayan da Larabawa ke ƙetarowa da su ta hamada. Amma mafi yawan abin da matan ƙasar Hausa ke ado da shi a gida ya ke samuwa. Lalle a bayan gari a ke shuka shi, a shanya ganyen, a daka, a kwaɓa, sa'an nan a zura hannu cikin zunguru ko a ƙunshe ƙafa da ganye. Kajiji a fadama ya ke fitowa. Ƙaron hano a kan zuba shi a garwashi don ƙanshi. Man kaɗanya da man shanu su ne maganin kaushi da faso lokacin hunturu, furen taba da goro su rina haƙora, shuni ya shiga kitso, katambiri kuma a yi zane da shi a fuska.

Galibin waɗannan kaya, mai shafa su ta san asalinsu. Ta san gonar da aka ciro lallen, ta san matar da ta dafa man kaɗanyar, in abu ya ɓaci kuma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

MATSAYIN ƘANSHI

Turare yana tare da Bahaushe tun daga zanen goyo har zuwa likkafani. Da shi a ke kamun amarya, ba a kuma cika lefe sai da shi. Ɗakin mai jego a kan turara shi, magidanci ya kan shafa turare kafin ya tafi masallacin Juma'a domin bin sunna, a ƙarshe kuma da shi a ke yi wa mamaci sutura. Humra da turaren wuta, waɗanda matan Barno da Shuwa Arab suka shahara da haɗa su, yanzu sun game ƙasar Hausa, har sun zama sana'ar da mata da yawa ke riƙe kansu da ita daga cikin gidajensu.

Masu masana'antu na Turai sun gane wannan tun da wuri. Cikin 1920 wani ma'aikacin kamfanin W. J. Bush na London, mai suna Eric Burgess, ya koma gida daga Sudan da samfurin kayan ƙanshin da mutanen can ke so, aka haɗa turaren nan Bint el Sudan. Da mai aka haɗa shi, ba a sa masa barasa ba, saboda haka Musulmi suka karɓe shi hannu bibbiyu. Alhazai da fatake suka yaɗa shi yamma, daga baya har aka riƙa haɗa shi a Kano. Tarihin wannan 'yar kwalba ya nuna cewa kayan kanti za su iya zama na gida, muddin an san wanda ya yi su da abin da ya zuba a ciki.

KWALLI DA DALMA

Kada mai karatu ya zaci duk abin da aka gada lafiyayye ne. Kwalli, wanda waɗansu ke kira tozali, shi ne babban misali. Hadisai sun yabi ismidi, kuma malamai sun fassara shi da wani dutse na musamman. To, amma dutsen nan mai walƙiya da a ke sayarwa a kasuwanni da sunan kwalli, sau da yawa tamar dalma ce, irin wadda a ke haƙowa a kwarin Binuwai, a wurare kamar Zurak ta ƙasar Wase, da kuma Abakaliki.

Cikin 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da kima a jinin wani jariri ɗan wata 6, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da aka bincika gidan, sai aka tarar daga kwallin da a ke sa masa ne. Aka auna kwallin, aka ga kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta buga wannan labari cikin 2012, har ta ambaci sunayen abin da Hausa, watau tozali da kwalli.

Hanyar da gubar ke bi mai sauƙin ganewa ce. Yaro ya kan murza ido ya kai yatsa baki, hawaye kuma yana da 'yar kafar da ya ke bi daga ido ya sauka hanci da maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin ƙaramin yaro ya kan tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba zai tsotsa, kuma ba wani adadi nata a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Tana rage jini, tana taɓa ƙoda, amma mafi muni ita ce ɓarnar da ta ke yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa. Yaro zai tashi ba zazzaɓi ba ciwo, sai an sa shi makaranta a ga karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi.

Mutanen wannan yanki ba baƙin labarin dalma ba ne. Cikin 2010, a maƙwabciyar Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Wancan bala'i daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya taso, kwalli ba shi da hannu a ciki, kuma yawan gubar da yaran suka sha ya wuce na kwalli nesa ba kusa ba. Duk da haka gubar iri ɗaya ce, bambancin a yawa ne da gaggawa.

MAN BILICIN

Idan haɗarin kwalli tsoho ne da ba a lura da shi ba, na man bilicin sabo ne, kuma da kuɗi a ke sayensa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata. Asalin wannan adadi bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwar Legas, don haka ba daidai ba ne a ɗora shi a kan kowane ƙauye. Sai dai wanda ya halarci bukukuwan aure a garuruwan Arewa ya san abin ya iso, ya kuma zauna.

Baƙin fata wani sinadari ne ke kawo shi mai suna melanin, wanda Allah ya sanya ya zama garkuwa daga zafin rana. Mayukan bilicin da abubuwa uku su ke karya wannan garkuwa. Na farko haidirokwinon, wanda in aka daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar baƙin tabo a kumatu da goshi, mai wuyar magani. Na biyu magungunan sitiroyid, waɗanda likita ke rubutawa don cutar fata na 'yan kwanaki kawai. Yawan shafa su na sa fata ta yi sirara, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har ya kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma kan isa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta hanyar nono.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya ta tabbatar da amincewarta cikin 2018 da yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta taƙaita amfani da zaiba a duniya. Hukumar NAFDAC, da aka kafa cikin 1993, ta hana zaiba da sitiroyid a kayan shafa, ta kuma ƙayyade haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. Cikin 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. To, amma doka kwalba mai suna da adireshi ta ke iya kamawa. Abin da a ke kira haɗi, watau mayuka uku ko huɗu da a ke cakuɗawa a ɗaki a ɗura a roba marar rubutu, dillaliya ce ke kai shi har ƙuryar gida, inda ba ma'aikacin da zai gan shi.

Ko lalle ma bai tsira ba. Lalle na ainihi ja ya ke yi, kuma sai an yi haƙurin sa'o'i kafin ya kama. Baƙin zanen nan da ke kamawa nan take, sau da yawa da rinin gashi a ke haɗa shi, mai sinadarin PPD, wanda kan sa fatar waɗansu ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa, ta bar tabo daidai siffar zanen.

Ba adalci ba ne a jibga laifin duka a kan mata. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da uwar miji mai yaba amarya da hasken fata, da angon da ya biya kuɗin gyaran jiki bai tambayi abin da za a shafa wa matarsa ba, duk da su a ke cin wannan kasuwa.

INA MAFITA?

Wannan yanki yana da kayan aikin da zai taimaki kansa. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a Aliero cikin 2006, akwai kuma kwalejin koyon aikin lafiya a Jega. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai a shekararsa ta ƙarshe, ga shi nan a bakin ƙofa: ya sayo kwalli da mayuka daga kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama, a auna su, a bayyana sakamakon da Hausa ta rediyo, yadda ɗan koli da dillaliya za su ji. Yawancin masu sayar da kayan nan ba mugunta ce ta sa su ba, su ma abin da su ke sa wa 'ya'yansu ke nan.

Ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi kuma ya kamata su shigar da wannan bayani cikin abin da a ke gaya wa mata ranar awon ciki da ranar rigakafi, su kuma jawo ungozomomi a jiki, tun da su ne ke fara sa wa jariri kwalli. Idon jariri ba ya bukatar kome sai tsabta. In yana ruwa ko ya yi ja, asibiti za a kai shi. Malamai masu wa'azi da hakimai da dagatai suna da murya a kan sha'anin lefe da biki wadda ta fi ta kowace takardar ofis kaifi.

Shi kuwa mai saye, abu uku ya rage gare shi: ya duba sunan wanda ya yi kayan da lambar NAFDAC, ya karanta jerin abin da ke ciki ko ya sa ɗan makaranta ya karanta masa, ya kuma guji duk robar da ba ta da rubutu, kome arharta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Lalle ja da man kaɗanya da kajiji suna nan ba su ƙare ba, kuma kuɗinsu a hannun manoma da matan karkara ya ke tsayawa. Allah ya kiyaye lafiyar jama'a, amin.