Me ya sa batir ba ya kunna dogon ƙwai kai tsaye?

Kwanakin baya na je gida Tsohon Birnin Gwari, na tarar da ƙanena ya baje kaya a zaure: batirin sola mai bolt 12, wayoyi, da wani tsohon dogon ƙwai mai ƙafa huɗu da ya ciro daga shagon da aka daina amfani da shi, da cok ɗinsa da sitatarsa. Ya haɗa komai yadda ya ga masu wayarin suna yi, ya danna makunni, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba. Ya ɗago ya ce mini, "Yaya, ai wuta wuta ce. Batirin nan yana cajin waya goma, me zai hana shi kunna ƙwai ɗaya?"

Tambayar nan ta fi ƙarfin zauren gidanmu. Duk garin da wutar NEPA ba ta wadace shi ba, batir ne abin dogaro: na sola, na babur, na mota, na fitilar caji. To mai karatu, bari mu bi ta a hankali, domin amsar tana iya hana ka asarar kuɗi, tana ma iya hana wuta ta ja ka.

Ƙwan da babu waya a cikinsa

Tsohon ƙwan fitila mai jan haske yana da siririyar waya a ciki. Wuta ta bi ta, ta yi zafi, ta yi haske. Dogon ƙwai ba haka yake ba. Daga wannan bakin zuwa wancan babu wayar da ta haɗa su. Abin da ke ciki iskar argon ce 'yar kaɗan da ɗigon zaiba, wato dai irin zaibar da masu haƙar zinare a yankinmu suke kama zinare da ita. Idan wuta ta ratsa wannan iska, tururin zaibar yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, sai farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ta mayar da shi farin hasken da muka sani.

Matsalar ita ce iska ba ta yarda wuta ta bi ta cikinta da daɗin rai. Iskar da muke shaƙa sai an matsa mata kusan bolt 3,000 kafin tartsatsi ya tsallake tazarar milimita ɗaya. Wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna a 1889 cewa ƙarfin da ake buƙata ya danganta da yawan iskar da kuma nisan tazarar. Shi ya sa ake zuƙe yawancin iskar cikin ƙwan, don a rage wahalar. Duk da haka ƙwai mai ƙafa huɗu yana son ɗaruruwan bolt kafin ya kama. Ka ga bolt 12 ko kusa bai zo ba.

Da ya kama kuma, sai ya ƙi tsayawa

Idan aka samu ƙarfin da ya isa, 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron sukan ruga a guje su bangaji ƙwayoyin iskar, su fizgo wasu ilektiron ɗin, su ma waɗannan su bangaji na gaba. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin ƙiftawar ido iskar ta zama hanya. Duk manomin rani ya san irin wannan: ka tare ruwa da ƙasa, da zarar ya samu 'yar kafa ya ɓalle, shi da kansa zai dinga faɗaɗa ta.

Haka wutar take yi. Yawan wutar da ke wucewa yana ƙara buɗe hanyar, buɗewar hanyar tana ƙara jawo wuta. Idan babu abin da ya riƙe ta, cikin ɗan lokaci ƙwan zai ƙone ko fis ya tsinke. Saboda haka irin wannan fitila abu biyu take nema masu karo da juna: bugu mai ƙarfi na ɗan lokaci don ta tashi, sannan linzami da zai riƙe ta muddin tana ci.

Aikin cok da sitata

A wutar NEPA, mai bolt 230, waɗannan biyun ne suke raba aikin. Sitata, wannan ɗan gwangwanin da ake murɗawa, tana da ɗan ƙaramin gilashi mai iska da wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ji zafi. Da ka danna makunni, iskar cikinta ta yi haske, ƙarfen ya yi zafi ya lanƙwashe ya haɗa hanya. Sai wuta ta bi ta 'yan wayoyin da ke bakunan ƙwan biyu ta ɗumama su, su fara sakin ilektiron. Ƙarfen ya huce, ya saki hanyar farat ɗaya.

Nan cok yake shigowa. Shi naɗin waya ne kawai a kan ƙarfe, kuma halinsa shi ne ba ya son gudun wuta ya sauya. Da aka yanke masa wuta ba zato, maganaɗisun da ya tara ya rushe, sai ya harba bugu mai ɗaruruwan bolt, wani lokaci ya kai dubu. Wannan bugun ne yake fasa iskar. Idan ka ga ƙwai yana ƙyaf-ƙyaf kafin ya kama, bugun farko ne bai dace ba, sitata take sake gwadawa.

Bayan ya kama, ƙwai mai wat 36 bolt ɗari da 'yan kai kawai yake ci, sauran kuma cok ne yake tarewa. Yana iya tarewa ne saboda wutar NEPA mai kai-da-komo ce, wadda masu gyara suke kira AC: tana zuwa ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa. Tunda kullum cikin sauyawa take, kullum cok yana cikin yi mata gardama.

Wutar batir kuwa, DC, hanya ɗaya take bi, ba ta juyawa. Cok zai ɗan yi mata gardama a farkon shigarta, daga nan ya zama waya kawai. Wato ko da ƙanena ya jera batura ashirin ya samu bolt 240, ƙwan yana iya kamawa, amma babu linzami. Cok ɗin zai yi zafi har ya yi ƙauri.

Yadda na da suka yi

Fitilar lantarki ta farko ma da batir aka kunna ta. A farkon shekarun 1800, Humphry Davy a Ingila ya haɗa sandunan gawayi biyu da tarin batura, ya haɗa bakinsu sannan ya ɗan raba su, wuta ta tsaya a tsakani tana haske. Je ka tsaya wajen mai walda a kasuwar Birnin Gwari, za ka ga dabarar tana nan da ranta: sai ya goga sandar a jikin ƙarfe tukuna, sannan ya ɗan ɗaga hannu. Taɓawar ce take ƙona bakin ƙarfen ta buɗe hanya, ba sai an nemi dubban bolt ba. Tartsatsin da kake gani idan waya ta taɓa kan batir ma daga nan yake. Sai dai ƙwan da aka rufe da gilashi babu yadda za ka sa hannu ka haɗa bakinsa.

A wuraren da aka daɗe ana amfani da DC, kamar jiragen ƙasa da na ruwa, sai aka ƙara wa fitilar wata waya mai tauye wuta ta hanyar mayar da ita zafi. Yi lissafin da kanka: a bolt 230, ƙwai ya ci ɗari, saura 130 sun tafi a zafi, fiye da rabi ke nan. Ga kuma wata matsala: tunda wutar gefe guda take tafiya, zaibar takan taru a baki ɗaya, ɗaya bakin ya dushe. Dole aka riƙa sa makunnin da ke juya wayoyin lokaci-lokaci.

Abin da ke cikin fitilar caji

Mafita ta zo da tiransista. Ka tuna fitilun caji masu ƙananan dogayen ƙwai biyu da batir mai bolt 6, waɗanda suka cika gidaje kafin zuwan LED? Idan ka buɗe ɗaya za ka ga ɗan allo da tiransista ɗaya ko biyu da 'yar ƙaramar tiransifoma. Tiransistar tana yanke wutar batir tana saki sau dubu ashirin ko fiye a daƙiƙa. Wutar da ake yankewa haka ta zama mai sauyawa, tiransifoma kuwa da mai sauyawa kaɗai take aiki, sai ta ɗaga ta zuwa ɗaruruwan bolt. Da ƙwan ya kama, ɗan kwandansa ko naɗin tiransifomar kansa ya zama linzami. Wannan ɗan allo ƙaramar inbata ce.

Masu arha ba sa tsayawa ɗumama bakin ƙwan, da ƙarfi kawai suke fasa iskar. Kowace kunnawa tana ɓantarar sinadarin da ke jikin 'yan wayoyin, shi ne baƙin da kake gani a bakin gilashi. Idan batir ya yi sanyi aka ci gaba da kunnawa, abin ya fi muni.

Farar fitilar mota da babur

Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku bayan magariba ya san darajar fitila mai nisa, ya kuma san azabar farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi idan ya dallare maka ido. Wasu daga cikinsu fitilun zinon ne, waɗanda aka fara sa wa mota ƙirar BMW a 1991. Ƙwan bai kai ƙwayar gyaɗa ba, tazarar cikinsa kusan milimita huɗu, amma iskar zinon ɗin a matse take sosai, don haka sai bugun bolt dubu ashirin ko fiye yake fasa ta.

Ɗan akwatin ƙarfen da ake ɗaurawa kusa da fitilar shi yake wannan aiki daki-daki. Ya ɗaga bolt 12 zuwa wajen 400, ya tara a kwandansa, ya sake shi gaba ɗaya cikin wata tiransifoma, kamar yadda kwil yake harba wuta ga fulogi. Da ya kama, akwatin ya tura masa wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu har gishirin ƙarfen da ke ciki ya zama tururi, shi ya sa hasken yake farawa da shuɗi sannan ya yi fari. Daga nan ya daidaita a wat 35, wajen bolt 85 a irin ƙwan da ya fi yawa, yana juya wutar sau ɗaruruwa a daƙiƙa don kada baki ɗaya ya cinye. Da wat 35 yana ba da kusan ninki biyu na hasken ƙwan halojin mai wat 55.

Abin da za ka riƙe

Idan kana da irin wannan fitila, kada ka taɓa wayar da ta fito daga akwatin zuwa ƙwai sai ka cire kan batir, musamman da damina ko da jiƙaƙƙen hannu. Kada ka riƙa kunnawa da kashewa a jere, domin ƙwai mai zafi ya fi wuyar tashi, akwatin ne yake shan wahala. Babura da yawa fitilarsu daga kwil ɗin inji take cin wuta kai tsaye, don haka sai an mayar da ita kan batir, kuma a lokacin tashi tana jan wuta fiye da yadda take ci daga baya. Ka sa makanike ya sa fis da waya mai kauri. Sannan ka sani, gidan fitilar da aka ƙera don halojin yana watsa hasken zinon cikin idon mai tahowa, shi kuma da ya makance kanka zai nufo.

Idan dogon ƙwai ya fashe, a buɗe taga, a fitar da yara, a kwashe da kwali ba da hannu ba. Saboda zaibar nan ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a 2023 a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye zuwa 2027.

Shi kuwa ƙanena, na ce masa ya mayar da cok da sitata cikin kwali. Washegari muka sayo ƙwan LED mai bolt 12, wanda ba iska yake fasawa ba, don haka ba ya neman bugu, ɗan linzaminsa kuma yana cikinsa. Ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, zaure ya haskaka. Ya dubi tsohon dogon ƙwan a jingine ya ce, "Yaya, ashe ba mutuwa ya yi ba." Na ce masa lafiyarsa lau, sai dai a ajiye shi inda yara ba za su fasa ba.